Kimiyyar Haɗa Ƙamshi a Kyandir: Itacen Fayin, Ƙaron Hano da Kakin Zuma

Gabatarwa

A manyan kasuwannin Jihar Jigawa, irin su ta Gujungu da ta Shuwarin, ba a rasa rumfar masu sayar da kayan ƙamshi kamar kajiji da kanumfari da farce da sandal da lubban. Matan Miga da Jahun da Dutse, kamar sauran matan ƙasar Hausa, sun daɗe suna harhaɗa waɗannan kayayyaki su yi turaren wuta, wanda ƙamshinsa kan kwana biyu ko uku a jikin tufa. Yanzu kuma wata sana'a mai kama da wannan ta soma samun shiga, wato yin kyandir mai ƙamshi a gida domin sayarwa. Fitilun batir da na hasken rana sun rage buƙatar kyandir domin haske, don haka ƙamshinsa ne ake saye. Daga cikin ƙamshin da aka fi sa wa irin wannan kyandir a Turai da Amurka akwai na itacen da Turawa ke kira fayin.

Sabon shiga wannan sana'a yakan gamu da matsala iri uku. Ko dai ya zuba turare mai tsada, ƙamshin ya cika ɗaki a ranar farko amma bayan mako biyu a neme shi a rasa. Ko kyandir ɗin ya riƙa baƙin hayaƙi. Ko kuma, wanda ya fi muni, fuskar kakin gaba ɗaya ta kama da wuta. Biyun farko asarar jari ne, na ukun kuwa yana iya zama asarar gida. Duk ukun suna komawa ga abu ɗaya: kowane sinadarin ƙamshi yana da saurin da yake barin ruwa ko kaki ya shiga iska. Wanda ya fahimci wannan ya kama tushen haɗa turare, ko a kasko ne ko a kyandir.

Mene ne ƙamshi?

Ƙamshi ƙananan ƙwayoyi ne na sinadari da ke fita daga jikin abu su yi yawo cikin iska. Idan mutum ya shaƙe su, sai su isa can saman kogon hanci, su narke cikin 'yar majinar da ke wurin, su taɓa jijiyoyin da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. A shekarar 1991 wasu masana biyu a Amurka, Linda Buck da Richard Axel, suka gano ƙwayoyin gado masu tsara waɗannan wuraren karɓar ƙamshi, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a 2004. An tabbatar cewa ɗan Adam yana da irin waɗannan wuraren karɓa kimanin nau'i 400. Kowane ƙamshi yana taɓa wani rukuni daga cikinsu, ƙwaƙwalwa kuma ta gane shi daga tsarin rukunin, kamar yadda ake gane kalma daga tsarin haruffanta.

Daga nan za a fahimci cewa duk abin da ba ya iya tashi cikin iska ba shi da ƙamshi. Gishiri da sukari misali ne: ƙwayoyinsu sun riƙe juna tamau, ba sa tashi, shi ya sa harshe ke jin su amma hanci bai san da su ba. Sinadaran ƙamshi kuwa marasa nauyi ne, da wuya nauyin ƙwayarsu ya haura 300 a ma'aunin nauyin ƙwayar zarra.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta hanci da ya wajaba mai haɗa turare ya sani. Idan hanci ya daɗe yana jin ƙamshi ɗaya, sai ya gaji ya daina kai rahotonsa. Shi ya sa mai rumfar turare ba ya jin ƙamshin rumfarsa, alhali mai wucewa yana ji tun daga nesa. Wannan gajiya ita ke sa mai sana'a ya yi ta ƙara turare yana zaton bai isa ba.

Itacen fayin da danginsa na ƙasar Hausa

Fayin dogon itace ne mai ganye sirara kamar allura, wanda ba ya kaɗe ganye da rani ko da sanyi. Asalin yawancin ire-irensa ƙasashen arewacin duniya ne. An shigo da wasu Nijeriya domin katako da yin takarda, musamman wanda masana tsirrai ke kira Pinus caribaea, aka dasa shi a wurare kamar Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunukan Jos. Yana buƙatar ruwan sama fiye da wanda ake samu a tsakiyar Jigawa, kuma saiwarsa ba ta aiki sosai sai da taimakon wani nau'in funfuna da ke zaune tare da ita a cikin ƙasa. A lura cewa wani itace mai ganye kamar zare da ake dasawa domin ado a wasu unguwannin birane, wanda masana ke kira Casuarina, kama kawai ya yi da fayin, ba su haɗa dangi ba.

Duk da haka, ɗalibin Miga ya san ƙamshin fayin ko da bai taɓa ganin itacen ba. Shi ne ke tashi idan an zuba Dettol a ruwa, domin akwai man fayin a cikinsa. Shi ne kuma ake ji a tafentin na asali da masu fenti ke tsinka fenti da shi.

Idan aka sari jikin fayin, wani ƙaro mai danƙo yakan tsattsafo ya toshe raunin, ya kori ƙwari. Idan aka dafa ƙaron da tururi, yakan rabu gida biyu. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar yakan tashi tare da tururin, shi ne tafentin. Sauran ya daskare kamar gilashi mai ruwan zuma, kuma kusan ba shi da ƙamshi. Babban sinadarin da ke cikin tafentin shi ne alfa-fayinin, mai ƙwayar kabon 10 da haidirojin 16, wato C10H16.

Alfa-fayinin ɗaya ne daga cikin babban dangin sinadarai da ake kira tarfin. Masanin Jamus Otto Wallach, wanda ya sami lambar Nobel a 1910, shi ne ya fara warware tsarinsu. An gano cewa an gina su ne daga tubali ɗaya mai kabon 5, wanda ake kira aisofirin. Tubali biyu su ba da kabon 10, kamar fayinin da limonin na ɓawon lemo. Waɗannan su ne masu saurin tashi. Tubali uku su ba da kabon 15, kamar santalol na itacen sandal. Waɗannan suna tashi a hankali. Tubali huɗu ko shida su ba da kabon 20 ko 30, waɗanda ke zama daskararren ƙaro. Dubban tubala a jere kuwa su ne roba.

Abin sha'awa shi ne ba fayin kaɗai ke yin wannan sinadari ba. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, itace ne mai ɓawo kamar takarda da ke son ƙasa mai duwatsu a arewacin Nijeriya. Sunansa na kimiyya Boswellia dalzielii, an sa masa ne domin tunawa da J. M. Dalziel, likitan da ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Hano ɗan'uwa ne ga itatuwan lubban na Somaliya da Oman da Habasha. Binciken da aka yi a kan man da aka tace daga ƙaronsa ya nuna cewa alfa-fayinin na cikin manyan sinadaransa. Ashe ke nan ƙamshin da ake shigowa da shi cikin kwalba daga ƙetare yana da makwafi a dajin gida. Haka kuma maje da dashi suna fitar da ƙaro mai ƙamshi da aka daɗe ana turare da shi, bishiyar turare kuwa, wadda wasu ke kira zaiti, da aka shigo da ita daga Ostireliya aka dasa domin kare hamada, ganyenta na ɗauke da wani tarfin mai suna siniyol.

Mai gudu, matsakaici da mai zama

Hanya mafi sauƙi ta kimanta saurin tashin sinadari ita ce a dubi zafin da yake tafasa. Wanda ke tafasa da ƙaramin zafi shi ke saurin tashi ko da ba a ɗora shi a wuta ba. Ga wasu misalai, a ma'aunin Salshiyos:

Alfa-fayinin, na fayin da hano: kimanin digiri 155
Limonin, na ɓawon lemo: kimanin digiri 176
Siniyol, na bishiyar turare: kimanin digiri 176
Sitiral, na ciyawar lemo da ake dafawa a shayi: kimanin digiri 229
Yujinol, na kanumfari: kimanin digiri 254
Santalol, na sandal: wajen digiri 300

Idan aka duba jerin, za a ga alfa-fayinin ne farkon gudu. Nauyin ƙwayarsa 136 ne, na santalol kuwa 220. Sai dai ba nauyi kaɗai ke aiki ba. Yujinol ma kabon 10 gare shi, amma yana da wani reshe na oksijin da haidirojin da ke sa ƙwayoyinsa manne wa juna, don haka yana buƙatar ƙarin zafi na kusan digiri 100 kafin ya tafasa.

Bisa wannan, masu haɗa turare sun kasa ƙamshi gida uku. Akwai mai gudu, wanda hanci ke fara ji kuma ya gushe cikin mintoci, kamar lemo da bishiyar turare da sashen fayin marar nauyi. Akwai matsakaici, mai ɗaukar sa'o'i, kamar kanumfari da kirfa da ciyawar lemo. Akwai kuma mai zama, wanda kan kwana, kamar sandal da saiwar jema da kajiji. Jema da kajiji tsirran fadama ne, ba baƙi ba ne a kwarin kogin Haɗeja inda Miga take. Wannan ilmi daɗaɗɗe ne, domin tun ƙarni na 9 masani al-Kindi na Bagadaza ya rubuta littafi a kan haɗa turare da tace shi, mai ɗauke da haɗe-haɗe fiye da 100.

To yaya mai zama ke riƙe mai gudu? Amsar tana cikin wata doka da masanin Faransa François-Marie Raoult ya fito da ita a shekarun 1880. Dokar ta ce idan aka narkar da abu mai saurin tashi cikin wanda ba ya tashi, yawan tururinsa yana raguwa gwargwadon yadda aka tsinka shi. Ana iya kwatanta wannan da ƙofar kasuwa: idan masu sauri suka cakuɗu da taron masu tafiya a hankali, kaɗan ne daga cikinsu za su kai bakin ƙofa a lokaci guda. Ƙaron hano kansa haɗi ne irin wannan, domin ɗan man da ke cikinsa mai gudu ne, daskararren ƙaron kuwa yana tsare shi har sai an ɗora a kan garwashi. Dabarar turaren wuta ma haka take. Ana jiƙa itace da turare, a lulluɓe shi da narkakken sukari, sai sukarin ya daskare ya kulle ƙamshin har ranar da wuta za ta buɗe shi.

Abu na ƙarshe a wannan babi shi ne ƙarfin ƙamshi daban yake da daɗewarsa. Man kanumfari, wanda yujinol ya kai kashi 70 zuwa 90 cikin 100 nasa, yana da ƙarfin da ɗigo ɗaya kan danne ɗigo da yawa na fayin. Saboda haka kaɗan ake sa shi.

Yadda kyandir ke ba da ƙamshi

Masanin Ingila Michael Faraday ya gabatar wa matasa jerin laccoci a Landan a kan kimiyyar kyandir, waɗanda aka buga littafi a 1861. Ya nuna cewa abin da ke ci da wuta a kyandir tururin kaki ne. Zafin harshen wuta yana narkar da kakin da ke gindin lagwani ya zama ɗan tafki. Lagwani ya tsotsi narkakken kakin zuwa sama ta 'yan kafofin da ke tsakanin zarensa, kamar yadda tsumma ke tsotsar ruwa. A can sama zafi ya mai da shi tururi, tururin ya haɗu da oksijin ya ƙone, ya zama iskar kabon-dayoksaid da tururin ruwa. Zafin harshen ya haura digiri 1,000.

Duk turaren da ya bi lagwani ya shiga harshen wuta ƙonewa yake yi, ba a amfana da shi. Ƙamshin da ke cika ɗaki yana fitowa ne daga fuskar ɗan tafkin nan mai ɗumi. Don haka faɗin tafkin ne ke nuna yawan ƙamshin. Idan lagwani ya yi siriri, sai ya haƙa rami a tsakiya, tafkin ya yi ƙanƙanta, ƙamshi ya yi rauni. Idan ya yi kauri da yawa, wutar ta yi girma, ta yi hayaƙi, ta cinye kaki da turare da sauri. Tarfin kuma suna da yawan kabon idan aka gwada da haidirojin ɗinsu, shi ya sa idan suka yi yawa suke ƙonewa da baƙin hayaƙi.

Kakin da aka fi yin kyandir da shi shi ne farafin, wanda ake fitarwa daga ɗanyen man fetur. Karl von Reichenbach ne ya fara gano shi a 1830. Yana narkewa tsakanin digiri 46 da 68, gwargwadon irinsa. Kakin zuma kuwa yana narkewa ne tsakanin digiri 62 da 64. Wannan bambanci yana da muhimmanci a Jigawa, inda zafin watannin Afirilu da Mayu kan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin shago mai rufin kwano. Farafin mai taushi yakan lanƙwashe ko ya yi gumin turare a irin wannan yanayi, kakin zuma kuwa ya tsaya cak. Bugu da ƙari, tururin alfa-fayinin a digiri 40 ya ninka na digiri 25 fiye da sau biyu. Ma'ana, kyandir ɗin da aka bari a buɗe da bazara zai yi asarar ƙamshinsa da sauri ƙwarai, don haka wajibi ne a rufe shi a ajiye a wuri mai sanyi.

Kakin zuma yana samuwa a karkara. Masu ɗaura amya sukan matse zuma su yar da saƙar, alhali an ƙiyasta cewa ƙudan zuma kan ci kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su yi kilo ɗaya na kaki. Idan aka ƙulle saƙar a tsumma aka nutsar da ita cikin ruwan zafi aka danna, kakin zai fito ya taso sama, idan ruwan ya huce a ɗauke shi kamar faifai. A guji tukunyar baƙin ƙarfe domin tana dusasa launinsa.

Lissafin haɗi da matakan aiki

Kaki yana da iyakar turaren da zai iya riƙewa. Masu sana'a sukan sa kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na nauyin kakin, kuma ga kakin zuma da man tsirrai masu saurin tashi, kashi 6 ya isa. Abin da ya wuce iyaka zai tsattsafo a fuskar kyandir, wannan kuwa shi ke kawo gobara. Da sikeli ake awo, ba da cokali ba.

Alal misali, idan kakin giram 500 ne, turarensa zai zama 500 × 6 ÷ 100, wato giram 30. Wata ƙa'ida da masu koyo ke farawa da ita ita ce a ba mai gudu kashi 30, matsakaici kashi 50, mai zama kashi 20. A wannan misali ke nan giram 9 da giram 15 da giram 6. Wannan mafari ne kawai. A ƙasa mai zafi yakan kyautu a ƙara rabon mai zama.

Fayin yana jituwa da lemo domin danginsu ɗaya, lemo yana rage masa kaifi. Yana jituwa da kanumfari da kirfa, waɗanda ke ba shi ɗumi, su raba shi da kama da maganin wanke bayi. Sandal ko jema kuma su zaunar da shi. Idan aka haɗa shi da bishiyar turare kaɗai, an tara masu gudu biyu ba mai riƙe su, ƙamshin zai yi kaifi kuma ba zai daɗe ba. Kafin a taɓa kaki, a gwada haɗin da ɗigo-ɗigo a kan auduga: misali ɗigo 3 na fayin ko man hano, 2 na lemo, 1 na kanumfari, 2 na ciyawar lemo, 2 na sandal. A jefa audugar a kwalba a rufe, a shinshina washegari, a rubuta sakamakon a littafi. Abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji, domin a san abin da ya kawo bambanci.

Matakan aikin su ne:

1. A sa kaki a gwangwani mai tsabta, a tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka shi ne mai gadin kakin.
2. Idan ya narke, a sauke, a nisanta daga murhu, a bari ya sauko wajen digiri 70 a ma'aunin zafi.
3. A zuba turaren da aka auna, a juya a hankali na minti biyu.
4. A tsayar da lagwanin auduga a tsakiyar mazubi wanda zafi ba ya fasawa, a zuba kakin.
5. A bari ya daskare a inuwa, nesa da iskar hunturu wadda ke sa shi tsagewa. A rufe, a ba shi 'yan kwanaki kafin a gwada.

Mai son yin amfani da ƙaron hano kai tsaye ya sani cewa ba dukkansa ke narkewa a kaki ba. Akwai sashensa mai kama da ƙaron dakwara, wanda ruwa kawai ke narkarwa, kuma idan ya shiga lagwani toshe shi yake yi. Dabarar ita ce a daka ƙaron, a bar shi cikin narkakken kaki a rufe na kimanin sa'a ɗaya, sannan a tace da ƙyalle mai laushi. Ƙamshin da za a samu ba zai kai na tataccen mai ƙarfi ba, amma yana da daɗi da natsuwa. Ƙaron dakwara kansa ba shi da ƙamshi; amfaninsa a wannan fanni shi ne manne garin turare idan za a yi turaren tsinke ko na dunƙule.

Hattara

Rigakafi ya fi magani. Tururin tafentin yana kamawa da wuta tun daga digiri 35 idan ya haɗu da harshen wuta, zafin da rana kaɗai ke wucewa a Miga. Saboda haka ba a buɗe kwalbarsa kusa da murhu. Tafentin ɗin masu fenti da Dettol da turaren fesawa mai barasa duk ba na kyandir ba ne. Barasa ba ta haɗuwa da kaki kuma tana kamawa nan take. Ba a kuma yayyafa busasshen ganye ko ɓawo ko kanumfari a fuskar kyandir, domin kowanne zai zama lagwani na biyu. Idan kaki ya kama da wuta, a rufe shi da murfi ko a zuba yashi. Ruwa fantsama shi yake yi.

A rage tsawon lagwani zuwa kimanin rabin santimita kafin kowane kunnawa, kada kuma kyandir ya wuce sa'a huɗu yana ci. A nisanta shi daga gidan sauro da labule da zana da hannun yara, a kashe kafin barci. A guji lagwani mai ƙarfen dalma a ciki. Amurka ta haramta shi a 2003 saboda gubar da yake sakewa. Tarfin kuma suna haɗuwa da wasu sinadaran iska su haifar da ƙananan ɓurɓushi masu damun huhu, don haka a bar taga a buɗe, mai ciwon asma kuma ya yi nesa. Tsohon man fayin ko na lemo da iska ta daɗe tana shiga yana iya sa ƙaiƙayin fata.

Akwai kuma haƙƙin itatuwan. A 2019 wani bincike a kan itacen lubban na Habasha da Eritiriya da Sudan ya yi hasashen cewa yawan ƙaron da ake samu zai ragu da rabi cikin shekara 20, saboda yawan tsaga da gobarar daji da kiwo. Hano ma yana shan sassaƙa domin magani. Itacen da aka zagaye ɓawonsa da sara mutuwa yake yi, domin ta ƙarƙashin ɓawon ne abinci ke sauka daga ganye zuwa saiwa. A tsinci ƙaron da ya fito da kansa, ko a yi 'yar tsaga kaɗan a bar itacen ya huta. Hano yana kamawa idan aka dasa reshensa, don haka makaranta na iya yin shinge da shi.

Gwaji domin aji

Wannan gwaji ba ya buƙatar wuta. Malami ya yanka farar takarda tsiri takwas, ya kasa su rukuni biyu, huɗu-huɗu. A kowane rukuni, a matse ɓawon lemo a kan tsiri na farko. A goga dakakken kanumfari a kan na biyu. A ɗiga man sandal a kan na uku. A kan na huɗu a fara ɗiga man gyaɗa, sannan a matse ɓawon lemo a kansa. A ajiye rukuni ɗaya a inuwa, ɗaya a rana. Ɗalibai su riƙa shinshinawa duk minti goma har sa'a ɗaya, sannan washegari, suna ba ƙarfin ƙamshin maki daga 0 zuwa 5, suna hutar da hanci tsakanin tsiri da tsiri. A ƙarshe a zana jadawalin maki da lokaci. Bambancin tsiri na farko da na huɗu shi ne dokar Raoult a aikace, bambancin rana da inuwa kuwa tasirin zafi ne.

Kammalawa

An ga cewa ƙamshin fayin na masu gudu ne, kuma ba ya daɗewa sai an haɗa shi da matsakaici da mai zama, an kuma auna shi daidai da abin da kaki zai riƙe. An ga cewa sinadarinsa yana cikin ƙaron hano, masu riƙe shi suna fadama, kakin da ya dace da zafin ƙasar kuma yana cikin saƙar zumar da ake zubarwa. Abin da ɗalibi zai ƙara a kan gwanintar masu turaren wuta shi ne sikeli da ma'aunin zafi da littafin rubuta sakamako, domin haɗin da ya yi kyau yau a iya maimaita shi gobe.

Tambayoyi

1. Me ya sa sukari ba shi da ƙamshi amma ɓawon lemo yana da shi?
2. Idan nauyin kabon 12 ne, na haidirojin 1, na oksijin 16, a lissafa nauyin ƙwayar yujinol, C10H12O2.
3. Giram nawa na turare ake buƙata ga kaki giram 750 a kan kashi 6 cikin 100? A raba shi bisa ƙa'idar 30, 50, 20.
4. Daga wane sashe na kyandir ƙamshi ke fitowa, kuma yaya kaurin lagwani ya shafe shi?
5. A bayyana kamancin aikin sukari a turaren wuta da aikin kaki a kyandir.